Kilo Takwas a Gidan Inna Na'iya

Litinin, 23 ga Maris, 2020

An rufe makarantu saboda korona. Saƙon ya same ni da hantsi ina tsakiyar yi wa jarirai allura: kowa ya je ya ɗauki 'yarsa kafin la'asar. Na bar wa Ɗangiwa, abokin aikina mai ba da magani, sauran layin, na hau babur zuwa Tambuwal.

Na tarar da Umma zaune kan akwatinta na ƙarfe a bakin ƙofar makaranta, murfin har ya lotsa. Bashira ne sunanta, sunan mahaifiyata ta ci. Ba sunan kaɗai ta ci ba, har jikin.

Da muka iso Kebbe na ɗora ta kan sikelin asibiti. Kilo 67. A watan Satumba 70 ne. Shekararta goma sha uku. Likitan da ya duba ta a Sakkwato bara ya ce in ba ta ragu ba, mu jira ciwon suga kafin ta kai ashirin. Makarantar kwana ta yi abin da ni da uwarta muka kasa: ɗiban ruwa, shara, da wake mai ƙwari wanda ba mai neman ƙari. Kilo uku. Na yi murna, ban nuna mata ba.

Asabar, 28 ga Maris

Sun rufe kan iyakar jiha. Yau ne da ma zan haɗa ta da direban da ke zuwa Kano, daga can kawunta ya kai ta Misau wurin uwarta, matata Lauratu. An soke hutun ma'aikatan lafiya. Shekara biyu aka ce zan yi a garin nan, ga ni a ta tara.

Ɗakina ɗaya ne, a bayan asibiti, makewayi ɗaya da masu gadi. Kullum ina cikin masu tari. Ba wurin budurwa ba ne.

Lahadi, 29 ga Maris

Ɗangiwa ya ce a kai ta wurin mahaifiyarsa a Tambuwal. Ban roƙa ba, shi ya faɗa. In rubuta wannan don kada in manta ranar da raina ya ɓaci da shi.

Inna Na'iya tsohuwa ce siririya kamar kara, mai murya kamar ta mai shela. Ta kama Umma ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Mi anka yi wa ɗiyag ga a makaranta? Dubi idonta ya zurma!" Idon da ƙyar ake ganinsa don kumatu. Ta shiga ɗaki ta fito da awarwaro na azurfa, ta zura mata a hannu, ya shige sakwaf.

"Malam Haliru, ka gani da idonka. Ranar da za ta koma wurin uwatta, sai an sa sabulu kafin a tuɓe shi. Ba a kawo ma Na'iya amana ta maida ta da ƙashin wuya a waje."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. A nan ya kamata in yi magana. Amma mutum ya karɓi 'yarka ranar da kowa ke rufe ƙofa, ka buɗe baki ka fara gindaya masa sharaɗi? Na ce Allah ya saka da alheri, na hau babur.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Na je. Shinge biyu a hanya, katin aiki ya fid da ni.

Umma ba ta daka, ba ta shara, ba ta zuwa rijiya. Na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya, Inna ta daka mata tsawa, wai baƙuwa ba ta aiki a gidanta. Islamiyya a rufe. Ƙofar gida ma an hana ta leƙawa don tsoron cuta, kuma wannan ni na ce a yi. Tana kwance kan tabarma ƙarƙashin darbejiya da wayar matar Ɗangiwa, fim bayan fim.

A sa'a ukun da na yi: fura da kindirmo da suga cokali huɗu, masa da man shanu, sai wata maƙwabciya ta aiko da fanke “na baƙuwa”. Duk unguwar sun san akwai 'yar mutanen Bauchi a gidan, kowa yana son a ce kwanonsa ya shiga.

Ni kuma me na kai mata? Biskit leda biyu da lemon kwalba. Ban san abin da uba ke kai wa 'yarsa ba in ba wannan ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Lauratu ta bugo. Wai ta ga hoto, yarinya ta yi kyau, in gaishe da tsohuwar. To.

Juma'a, 24 ga Afrilu

An ɗauki azumi. Wata guda ba ci daga asuba zuwa magariba. Ko banza za ta sauke wani abu.

Lahadi, 3 ga Mayu

Wauta ce ta sa na rubuta abin da ke sama.

Na sha ruwa a gidansu. Kunun gyaɗa, ƙosai, dankali soyayye, dambu yana ninƙaya a mai, shayi mai madarar gwangwani, sannan a ce wai yanzu za a kawo abinci. Inna ba ta ci ba sai dabino uku da rabin ludayin kunu, ta zauna tana kallon bakin Umma kamar mai kallon shuka. "Ɗiya taka azumi, a bar ta ta maida jini." Da rana kuma barci, tun daga hantsi har la'asar.

Na zo da sikelin a buhu. Na ja Umma bayan rumbu kamar masu sayar da abin sata. Kilo 71. Duk abin da makaranta ta cire ya dawo, da riba.

Ta dubi allurar sikelin, ta dube ni.

Talata, 5 ga Mayu

Na ce wa Ɗangiwa ya gaya wa Inna cikin dabara a rage wa yarinyar abinci. Ya daina ƙirga ƙwayoyin da ke gabansa ya dube ni.

"Mutumin Bauchi, kai kaka son a kore ni daga gidanmu? Tafi ka faɗi da bakinka."

Na ce ni baƙo ne, shi ɗa ne. Ya ce to, zai gwada. Na haɗa shi da rabin buhun shinkafa da galan ɗin mai, don kada maganar ta je hannu biyu babu komai.

Asabar, 9 ga Mayu

Shinkafar ta dawo a bayan babur ɗin Ɗangiwa, ko ɗinkin ba a kwance ba. Da saƙo: "A tambayi Malam, an ce mai rumbuna ya ƙone?"

Abin da ta fahimta shi ne ina jin nauyin ɗawainiyar, ina ganin kamar ba za ta iya ba. Ɗangiwa ya ce jiya ta yanka zakara.

Raina ya ɓaci, na zagi garin da mutanensa a zuci tun daga Kebbe har Dogon Daji. Da na huce na duba. In wani ya aiko min da a rage wa 'yarsa tuwo, ga buhun shinkafa biye, me zan ɗauka? Daidai abin da ta ɗauka.

Lahadi, 17 ga Mayu

Wuyanta.

Wani baƙi ya kewaye shi ta baya, mai kauri, kamar an shafa toka an bar ta. Haka a hammata, in ji matar Ɗangiwa. Inna ta ɗauka dauɗa ce, kunya ta kama ta, kwana uku tana dirzarta da soso da sabulun salo har fatar ta yi ja ta sale. "Ban taɓa ganin dauɗa mai taurin kai irin wagga ba."

Ba dauɗa ba ce. Na san shi. Na gan shi a wuyan mahaifiyata shekaru kafin a yanke mata yatsan ƙafa, sannan ƙafar, sannan muka kai ta makwancinta. A littafi ma an koya mana: alama ce jiki ya fara gajiya da suga.

Na ce, "Inna, a daina dirzawa, zan kawo man shafawa." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Shekara ashirin ina gaya wa matan mutane gaskiya a asibiti ba tare da na ƙifta ido ba.

Kafin in tafi na zaga makewayi. Ba don fitsari ba. A gidanmu kiyashi ne ya fara gaya mana, ya yi layi inda mahaifiyata ta tsuguna. Na duƙa ina duban ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Babu. Tukuna.

Laraba, 20 ga Mayu

An ce wani tsoho ya rasu a Sanyinna da tari da shaƙewa, ba wanda ya gwada shi. A rediyo kullum maganar ɗaya ce: korona ta fi kama masu suga da masu ƙiba. Na kashe.

Litinin, 25 ga Mayu

Jiya Sallah. Kayan da tela ya auna wa Umma farkon azumi sun ƙi shiga, sai da aka farke gefe aka yi ƙari da wani yadi. Ta ƙi fitowa daga ɗaki.

Awarwaron ya nutse cikin nama, hannun ya kumbura, yatsu sun yi sanyi. An sa sabulu, an sa man shanu, an sa leda. Sai da aka kira maƙeri ya datse shi. Inna ta ɗaga guntayen biyu tana nuna wa matan da suka zo gaisuwar Sallah, ana guɗa. "Ko sabulu bai iya ba!"

Umma tana murmushi tana murza wurin. Daga ɗaki zuwa zaure na ji tana haki.

Ba mugunta a gidan nan ko ƙwaya ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Lahadi, 7 ga Yuni

Kiyashi. Ba su da yawa, layi ɗaya siriri ta gindin bango. Wataƙila kunu aka zubar. Wataƙila.

Matar Ɗangiwa ta ce ruwa buta biyu Umma take shanyewa kafin azahar. Zan kwana a zaure. Na ce kada a ba ta komai da safe sai na gan ta.

Litinin, 8 ga Yuni

Takardun gwajin suga uku suka rage a asibitinmu, na ɗauko ɗaya na zo da ita tun jiya. Zan faɗa wa shugaban asibitin da kaina.

Na huda yatsanta. 6.9. Bakwai ake kira ciwo. Sikeli: 75.

Kilo takwas a sati goma.

Ina tsugune da na'urar a hannu sai ga Inna da ƙwarya, fura ta sha kindirmo, tana faɗa tun daga nesa wai an bar ɗiya da yunwa har rana ta take. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Inna, kashe ta za ki yi! Da ƙwaryar nan za ki kashe min ita!"

A tsakar gidanta. Gaban surukarta da jikokinta da wata mai tallan nono.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta ce, "Ɗangiwa, ɗauko akwatin ɗiyar Malam." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Laraba, 10 ga Yuni

Babban asibiti. Likita ta ce Umma tana bakin ƙofar ciwon, ba ta shiga ba. Ba magani yanzu. A canja ci, a motsa jiki, a dawo a watan Satumba a sake gwaji. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, tun da aka zaunar da yara a gida masu jiki irin nata ne suka fi ƙaruwa. In an dawo ya haura bakwai, sai ƙwaya, wataƙila har ƙarshen rai.

Mun dawo Kebbe. Na bar mata ɗakin, ni ina baranda. Ɗangiwa yana gaishe ni, ina kwana, ina gajiya, shi ke nan.

Lahadi, 14 ga Yuni

Kwana shida tana hannuna. Ga abin da na iya: shayi da burodi da safe, domin ban san dafa komai ba sai taliya. Da rana abincin mai tuwon bakin tasha, mai yana yawo a kai. Na ce mu riƙa zagaya filin ƙwallo da yamma. Mun yi sau ɗaya, samari suka bi ta da ido, wani ya yi tari da gangan, ta ce ba za ta ƙara ba. Ina asibiti tun safe, ita tana kulle. Yau na tsinci ledar alewa shida a ƙarƙashin katifa.

Na yi faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Baba, a makaranta Buhu suke ce min. Har wata malama. A gidan Inna ba wanda ya taɓa ce min komai sai ɗiyar kirki. Kai kuma in ka zo, sikeli kake fara kwancewa kafin ka ce ya nake."

Na fita na zauna kan benci har aka kira la'asar.

Alhamis, 18 ga Yuni

75 da rabi. A hannuna. Wannan rabin ba na Inna ba ne.

Lahadi, 21 ga Yuni

Na tafi wurin Inna ni kaɗai, ba sikeli, ba buhu. Ta bar ni a zaure tun hantsi har aka yi azahar, kaji suna shiga suna fita. Na cancanta. Sannan aka ce in shigo.

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ban tsara ba, sai na ji ina ba ta labarin mahaifiyata. Wuyan, kiyashin, ranar da aka dawo da ita daga asibiti zanen ya kwanta fayau inda ƙafa take a da. Ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba. Shekara tara.

Da na gama ta juyo ta ce:

"To mi ya hana ka zaka ka zauna nan ka faɗa min hakanga tun ranar farko? Ka aiko min ɗana da shinkafa kamar wata baƙuwa. Ni nika dirzar wuyan ɗiya har jini, kai kana tsaye ka san ko mine ne!"

Na ce kunya. Ta ce, "Kunyar banza. Kunyarka ta fi ƙafar ɗiyarka?"

 

Can ta gyara zama ta ce, "Faɗi. Mi aka ba ta, mi aka hana ta. Ba ni karatu, amma ba ni mantuwa." Na lissafa, tana lanƙwasa yatsu. Da na zo kan suga a fura ta ce, "Ko cokali guda?" Na ce ko guda. Da na ce ta riƙa daka da zuwa gona, ta rufe ido.

"Ka san abin da za a ce da ni a unguwag ga?"

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Kawo ta gobe."

Laraba, 1 ga Yuli

An buɗe hanyoyi tsakanin jihohi. Lauratu ta bugo sau uku. Direban Kano zai tashi Asabar mai zuwa ta sama, ya ce akwai wuri biyu.

Lahadi, 5 ga Yuli

An yi ruwa jiya, gero ya kai gwiwa ta hanyar Jabo. A can gonarsu take. Kullum da sassafe Inna ke tasa ta gaba su je su dawo a ƙafa, tsohuwa da sanda, yarinya da kwando. Matar Ɗangiwa ta ce kwana ukun farko Umma kuka take yi a hanya, Inna ma tana yi, ba wadda ta tsaya.

Na tarar da ita tana daka, zufa har gwiwar hannu. Na ce ya kike. Ta ce lafiya lau, tafin hannunta ya yi kanta, ta nuna min kamar wani abin ado.

Sai ga wata Jannatu, maƙwabciya, ta shigo aron rariya. Ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Lallai! Na'iya, yau ɗiyar mutane kika sa daka? Ga zogale a ɗan kwano kamar na mage. Ko tukunyar ta yi sanyi, mu taimaka?"

Na buɗe baki zan ce ni na sa. Inna ta ɗaga min hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ni nas sa ta. Ni nah hana ta. Ga rariya, ki biya gida-gida ki faɗi."

 Amma da aka zo rabon tuwo na ga ta zuba wa Umma malmala ɗaya, hannun ya koma tukunya da kansa ya ɗebo ta biyu, ya tsaya a sama. Ya daɗe a nan. Sannan ta mayar, ta juya mana baya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Umma ce ta tambayi sikeli da kanta. 74 da rabi. Kilo ɗaya. Wuyan yana nan yadda yake. Satumba kuma da saura, ban san abin da na'urar za ta ce ba, kuma ba na son in yi ta tunani.

Na bugo wa Lauratu daga zaure. Na ce a bar maganar Asabar, damina ta ɓata hanya, sai an ga yadda ta yiwu.

Hanyar lafiyarta lau.